Neman Bizar Dogon Zama ta Hannun Dillali: Jawabi ga Masu Sana'ar Kansu a Kontagora



Maganar da ta tara mu yau ta shafi mutumin da ke cin gashin kansa, watau tela, ko kafinta, ko makaniki, ko saurayin da ke yi wa mutanen nesa aiki da kwamfuta, wanda ya ƙudura niyyar zuwa wata ƙasa ya zauna ya yi sana'arsa. Neman halal a ko'ina ba laifi ba ne. Abin da muke so ku riƙe shi ne: dillali ba ya ba da biza. Ƙasar da za a je ita ke bayarwa ta hannun hukumominta, ita kuma ke hanawa. Iyakar dillali ya nuna hanya, ya taya cika takardu. Duk wanda ya ce muku biza tana aljihunsa, to ku yi hattara da shi.

Da farko, biza iri-iri ce. Bizar ziyara ta ƙasashen Turai masu yarjejeniyar Shengen ba ta wuce kwana 90 cikin kwana 180, ba ta kuma halatta zaman sana'a. Bizar Umra ta ibada ce, ba ta ɗinki ko kasuwanci ba. Wanda ya shiga Saudiyya da ita ya maƙale, ranar da aka kama shi sai gidan tarhil, kamar na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, daga nan a maido shi gida.

Akwai kuma abin da dillalai ke kira firi biza. Sai a ce maka wani ɗan ƙasar zai tsaya maka a takarda, kai kuwa ka je ka yi sana'ar da ka ga dama. Dokar Saudiyya ba ta san wannan ba. Katin zama, watau iƙama, yana ɗauke da sunan wanda ya ɗauke ka aiki, yi wa wani aiki ba da izini ba kuwa laifi ne. Mun sha ganin mutum ya sayar da gonar gado ko amfanin damina ɗungum ya biya, ya isa can ya tarar wanda ya tsaya masa yana neman kuɗi duk shekara, in ya kasa biya a kai ƙara cewa ya gudu.

To, ashe babu hanyar gaskiya? Akwai, amma tana da sharuɗɗa masu nauyi. A shekarar 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fito da izinin zama na shekara 5 wanda mai sana'ar kansa ke samu ba tare da wani ya tsaya masa ba, ta sa sharaɗin digiri ko difloma, da shaidar samun dirhami 360,000 a shekara ko shaidar wadata. A shekarar nan dai Fotugal ta buɗe biza ga masu aiki daga nesa, ta ce abin da mutum ke samu a wata ya kai ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. Kun ga ke nan abin da suke dubawa shi ne shaidar sana'a da ta kuɗi, ba sanayya ba.

A nan ne ramin yake. In kuɗinka bai kai ba, dillali zai ce ya haɗa maka takardar banki ko ta kwangila. Kada ka yarda. Sunanka ne a kan takardar, kai ka sa hannu, yatsunka aka ɗauka. In ƙarya ta bayyana, Ingila kan hana mutum shiga har shekara 10, dillali kuwa yana shagonsa yana jiran wani.

Saboda haka, ga abin da ya kamata. Fasfo na Hukumar Shige da Fice ne, sai ka je da kanka da lambarka ta katin ɗan ƙasa. Ka nemi sanin ainihin sunan bizar da kuɗinta daga ofishin jakadancin ƙasar. In dillali ya ce aiki zai samo maka, ya nuna lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Kome ka biya, ka karɓi rasit. Kada ka sa hannu a kan abin da ba a karanta maka ba. Wanda ya ce ka tafi bisa bashi, a riƙe fasfonka sai ka biya, wannan ƙofar fataucin mutane ce. A kai rahotonsa ga 'yan sanda ko hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin wannan aiki.

Iyaye da masu unguwanni, ku tambayi 'ya'yanku kafin a sayar da gona, ba bayan an sayar ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.