JAWABI A KAN KAYAN AIKIN KAFINTA DA ƘURAR KATAKO



Samarinmu da dama sun koyo aikin katako a Abijan, Kumasi ko Kano, kuma kowa na son ya kafa rumfarsa cikin gida. Madalla. Amma kuɗin da aka sha rana aka tara, kada a kai su ga inji tun ran farko.

A fara da kayan hannu: zarto, guduma, kurfi biyu ko uku, rabo na feƙe katako, magagari, mita, da ƙarfen auna kusurwa. Tebur mai nauyi, wanda ba ya rawa, kai za ka yi abinka. Kurfi ɗaya mai ƙarfen kirki ya fi biyar na banza. Kada a manta da dutsen washi, don dakusasshen ƙarfe shi ke zamewa ya sari mai shi. In an zo maganar inji, a dubi wuta tukuna. Kuran na Nigelec 220 ne. Injin da aka yi wa wutar Amurka mai 110, kana sa shi zai ƙone. Ka kuma tambayi mai saida shi ko ana samun haƙoransa da bel a Maraɗi ko Damagaram. In babu, bar masa abinsa.

To, ga abin da ya fi damuna, shi ne ƙura. Rabo na hannu ɓawo yake fiddawa, ya faɗi ƙasa, a kwashe. Injin zarto da injin goga kuwa gari suke yi, mai laushi, har wani ido ba ya ganinsa. Shi ne ke daɗewa cikin iska, ya bi hanci ya sauka huhu. Tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji ga mutum, musamman a cikin hanci. Itace mai tauri ya fi muni. Loko, wanda ake ce wa iroko, an san shi da kawo fuka da ƙaiƙayin jiki. Ku tuna, rumfar nan cikin gida take: abin da kafinta ya shaƙa, matarsa da jinjirinta suna shaƙa.

Wani zai ce, ai mun saba da ƙurar hunturu, rawani ya isa. Bai isa ba. Ƙyalle na tare manyan, ƙananan su wuce. A nemi abin rufe hanci mai alamar FFP2, wanda ke kama fuska sosai, a sake shi in ya toshe.

Gara a kama ƙura tun a bakin inji. Galibin injuna suna da kafar da ake sa tiyo. A haɗa tiyon da injin zuƙar ƙura, a tsakaninsu a sa tano mai murfi da ke rufewa gam. Tiyo ya shiga ta gefe, iska ta yi juyi kamar guguwa, gari mai nauyi ya zube cikin tanon, matatar inji ta daɗe ba ta toshe ba. Wanda bai da halin wannan, ya yi goga a waje, iska na bayansa, tana kai ƙurar nesa da ɗakin kwana da randar ruwa. Kafin shara a yayyafa ruwa. Kada a hure tebur da baki ko da famfon iska.

Rumfar ta yi nisa da murhu, kuma ba a shan taba cikinta. Ɓawon farin katako masu kiwon kaji na sonsa don shimfiɗa, kuɗi ne. Amma ragowar katakon da aka haɗa da gam, ko wanda aka shafa wa fenti ko maganin gara, kada a ba mata su dafa tuwo da shi.