Amsoshin Takardunku: Janareta Da Wayar Ƙasa

Takardarmu ta yau ta fito ne daga Sanyinna, ƙaramar hukumar Tambuwal, daga wani mai sana'ar cajin waya. Ya ce janaretansa na jansa in ya taɓa, kuma bana ya ƙona wayoyin mutane har ya biya. Yana tambaya, me ya sa dogon ƙarfen sabis ba ya ƙonewa, alhali shi ma da janareta yake aiki?

To Malam, Allah ya mayar da alheri. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, yawancin ƙarafan nan na karkara da janareta suke aiki, amma da shiri. Akwai batura da ke riƙe na'urori in inji ya tsaya. Akwai kuma jan ƙarfe da aka sauko da shi daga sama, aka haɗa da sanduna a binne. In tsawa ta faɗo, nan take bi ta shige ƙasa.

Kai ma nemi sandar jan ƙarfe kamar ƙafa 6, a kafa ta a wuri mai danshi. Mai gyaran lantarki ya ɗaura mata waya mai kauri zuwa jikin injin. Da rani ƙasarmu kan bushe ƙayau, sai ka riƙa zuba ruwa a gindinta. Amma fa ka sani, jan da yake maka alama ce wata waya ta saɓule. A nemo ta a gyara, kada ka dogara da sanda kaɗai.

Batun ƙonewar wayoyi kuwa, caja wutar bolt 230 take so, shi ko inji wutarsa kan yi sama da ƙasa lokacin tayarwa da lokacin da mai zai ƙare. Saboda haka ka tayar da shi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma cire kaya kafin ka kashe. In hadari ya taso da walƙiya, kashe ka jira. Kada ka shigar da shi shago don gudun ruwa, hayaƙinsa na kisa. Yi masa rumfa a waje.

Wayoyin nan amana ce, Malam. Wani ta nan yake jin farashin albasa kafin ya yi lodi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.