TSEREN MOTA IRI ƊAYA DA DARASIN DA KE CIKINSA GA 'YA'YANMU

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara da aka yi a Kazage



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar in tsaya a gabanku yau, alhali kuwa a cikinmu akwai likitoci da lauyoyi da malaman jami'a waɗanda suka fi ni iya magana nesa ba kusa ba. Sakatare ya ce in yi magana a kan abin da na sani, in kuma taƙaita. To, abin da na sani bai wuce mota ba, domin a cikin baƙin mai na yi furfura. Saboda haka zan yi magana ne a kan wani irin tseren motoci da ake yi a ƙasashen waje, wanda a cikinsa kowa da kowa mota iri ɗaya yake tuƙawa, sannan in kawo wata shawara da nake roƙon ƙungiya ta duba ta da idon basira.

A tseren motoci da aka saba gani, kamar Formula 1, kowane kamfani shi yake ƙera motarsa, kuma wanda ya fi kuɗi da ƙwararrun injiniyoyi yawanci shi yake kan gaba. Direba ko ya kai gwanin gwanaye, idan motarsa ba ta da ƙarfi, sai dai ya sha ƙurar na gabansa. Kamar sukuwa ce: a ba yaro ingarma, a ba gwanin mahayi akawali mai ɗingishi, kowa ya san wanda zai riga isa. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni suka fito da gasar da a cikinta mota ɗaya ce, inji ɗaya, taya ɗaya, yadda babu abin da zai bambanta mutum da ɗan uwansa sai hannunsa da ƙafarsa da hankalinsa. Mu ma a nan haka aka yi mana. Ɗan hakimi da ɗan manomi yadi ɗaya muka sa, allo ɗaya muka duba, takardar jarrabawa ɗaya aka raba mana. Shi ya sa wanda ya zo na ɗaya a ajinmu babu mai ja da shi har gobe.

Abin yana da tarihi. A shekarar 1966 kamfanin Renault ya fara irin wannan gasa a Faransa da wata ƙaramar mota mai suna R8 Gordini, don samari masu sha'awa waɗanda ba su da ƙarfin sayen motar tsere. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara da ita shi ne Jean-Pierre Jabouille, wanda a 1979 ya ci wa Renault nasararsa ta farko a Formula 1. Kamfanin Porsche na Jamus ya fara tasa gasar Carrera Cup a 1990, Ferrari na Italiya kuma ya biyo baya a 1993. Amma wadda ta fi burge ni ita ce ta kamfanin Caterham na Ingila, wadda aka fara a 1995. Sharaɗinta shi ne, sai wanda bai taɓa riƙe lasin tsere ba ake ɗauka. Akawu ne, ko ɗan kasuwa, ko likita, zai sayi motar, in ya ga dama a kawo masa ita gunduwa-gunduwa ya harhaɗa da hannunsa a gida, sannan a koya masa, a yi masa jarrabawar lasin, kafin a bar shi ya shiga fili. Fiye da mutum dubu sun koyi tsere ta wannan hanya.

A nahiyarmu ma akwai. A Afirka ta Kudu an fara gasar motar Volkswagen Polo a 1997. Wani yaro mai suna Sheldon van der Linde ya ci ta a 2014 da 2015, kuma a 2022 ya zama zakaran babbar gasar DTM ta Jamus. Da ƙaramar motar da ake zuwa cefane da ita ya fara.

Yaya ake tabbatar da cewa babu maguɗi? A nan ne aikinmu na makanikai yake shigowa. Ana ɗaure injin da waya a buga masa hatimi, duk wanda aka samu hatiminsa a karye an kore shi. Tayu daga wuri ɗaya ake sayensu. Ana ɗora mota a sikeli tare da direbanta, in nauyin bai kai ƙa'ida ba a ƙara mata ƙarfe, don kada siriri ya ci ribar mai ƙiba. (Na ga wasu 'yan ajinmu suna murmushi, sun san da su nake.) Kafin a tashi akwai masu binciken da za su duba birki da sitiyari da bel, da ƙarafunan da aka gitta a cikin motar don kare direba in ta kife, da tukunyar kashe gobara, da hular kwano. Bayan an gama kuma a sake duba motocin da suka yi nasara. A gefen fili akwai motar asibiti da masu tutoci: rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, ba a wuce kowa, ja kuwa an tsayar da tseren ke nan. Ba kuma rana ɗaya ake fitar da zakara ba, maki ake tarawa a cikin shekara. Wanda ya yi wuta yau ya farfasa motarsa gobe ba ya kai labari. Mai natsuwa, wanda kullum yake kai motarsa ƙarshe lafiya, shi yake ɗaukar kofi.

Kada wani ya ce wannan harkar Turawa ce da ba ta shafe mu ba. A Kakuri cikin Kaduna aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma 504 ɗin da ta fito daga can, wadda muke kira Fijo, ita ce ta yi ta jigilarmu a hanyar Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari shekara da shekaru. A wannan shekara ta 1975 wani direba ɗan Sweden mai suna Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, a kan hanyoyin taɓo da ƙura irin namu. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, ta Agadas da Yamai ya bi, kuma Peugeot ta ci shi sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. An soke na 2008 saboda rashin tsaro, aka mai da shi Kudancin Amurka a 2009, daga 2020 kuma aka koma Saudiyya. Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana bayanin abin da rashin tsaro yake kora daga ƙasa ba. A gida kuma, bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe yana haɗawa da ayarin tseren motoci, wanda a bikin 2020 daga Abuja ya taso. Kun ga ashe mota da sanin mota ba baƙinmu ba ne. Abin da muka rasa shi ne fili da ƙa'ida.

Jama'a, ga inda maganar take. Yaranmu suna son gudu, kamar yadda muka so shi muna yara, lokacin da muke ƙera motar kara muna tsere da ita a bakin kasuwa. To amma su yanzu ba kara ke hannunsu ba. Duk ranar ɗaurin aure ko kai amarya za ka ga samari a kan babura, uku-uku, babu hular kwano, wani ya saki hannu, wani ya miƙe tsaye, wani ya ɗaga tayar gaba, ana yi musu tafi da guɗa. A birane kuma da motocin iyayensu suke yi, a tsakiyar titi, cikin mutane. A shekarun da na yi a gareji an jawo mini irin waɗannan motoci da dama. Ƙarfe muna iya miƙe shi mu fesa masa fenti. Amma akwai ranar da uban wani yaro ya zo da kansa ya ce in sayar da motar ko nawa ne, domin ba ya iya kallonta a ƙofar gida. Yaron shekararsa goma sha tara.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Malaminmu na kimiyya yana zaune a nan, Allah Ya ƙara masa lafiya, shi ya koya mana lissafin. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai kan birki ya riga ya wuce gidaje biyu. Idan kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ci kafin mota ta tsaya sau huɗu yake ninkuwa. Direban tsere ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Yaronmu na gidan biki babu wanda ya taɓa gaya masa.

Akwai kuma wani ciwon da ya fi wannan. Shekarun da muka yi cikin tashin hankali sun ɓata wa babur suna a ƙasar nan, har ta kai jin ƙararsa da dare yana sa mutane su nufi daji. A 2021 gwamnatin jiha ta hana hawa babur na tsawon watanni. A watan Nuwamba 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, Allah Ya zaunar da mu lafiya. Amma yaran da suka tashi a cikin waɗannan shekaru, da yawansu sun rasa makaranta, kuma gwanintar tuƙi da suka gani ana yabo a hannun mutanen banza suka gan ta. Idan mu ba mu nuna musu wani fagen da za su gwada ƙwazonsu a yaba musu ba, akwai masu jira su nuna musu nasu.

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce: muna kukan gudu, kai kuma ka zo mana da tsere? Wasu kuma za su ce ajujuwa babu rufi, ina mu ina wasan mota? Duka maganganun biyu gaskiya ne, shi ya sa shawarar tawa ba ta gudu ba ce, kuma ba ta miliyoyi ba ce. Abin da nake so mu ɗauko daga waccan gasa shi ne tushenta, wato abin hawa ɗaya, doka ɗaya, alƙali mai gaskiya.

Na farko, ƙungiya ta nemi tsohuwar mota guda ɗaya mai lafiya, ko Golf ce irin wadda ake haya da ita. Sau ɗaya a shekara, ranar taronmu, a jera tsofaffin tayu a filin ƙwallo. Duk saurayi ko budurwa mai shekara 18 zuwa sama da ke da lasin tuƙi ya shiga wannan mota ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, da bel a ɗaure, ba a wuce giya ta biyu. Zai ratsa tsakanin tayu, ya yi baya-baya ya shiga matsattsen wuri, ya tsaya cak a kan layi, ya sauka ya canza taya. Ana riƙe masa agogo, kuma duk tayar da ya taɓa a ƙara masa daƙiƙa biyar. 'Yan kallo su tsaya bayan igiya. Babu caca, babu zuba kuɗi. In abin ya yi kyau, baɗi a ƙara da babur guda ɗaya da hular kwano.

Na biyu, mu gayyaci jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tare da dattawan ƙungiyar direbobi na tasha, su zama alƙalai, bayan mun nemi izinin uban ƙasa da hukumar makaranta. Kyautar zakara kuwa kada ta zama kuɗin kashewa. A saya masa akwatin sifanu, ko a biya masa kuɗin koyon sana'a.

Na uku, ga ɗaliban da ba su kai shekarun tuƙi ba, maza da mata, a kafa musu ƙungiyar koyon kanikanci. Ni na ɗauki alkawarin kawo inji guda da ya mutu, da kayan kwancewa, kuma zan riƙa zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata in koyar kyauta, muddin hanya tana biyuwa. Yaron da ya kwance birki da hannunsa ya ga ƙanƙantar abin da ke tsayar da mota, ba zai sake wasa da totur kamar da ba.

Ina roƙon shugaba ya sa wannan magana a cikin ajandar yau, a kafa kwamitin mutum biyar, su kawo mana lissafin abin da za a kashe kafin taro mai zuwa. Rufin ajujuwa yana nan a matsayinsa na farko, ban ce a taɓa kuɗinsa ba. Ga ma'aji can da littafinsa, wanda Allah Ya hore wa ya sa albarka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe ina yi wa malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya addu'a, tare da 'yan uwanmu da muka rasa a kan hanya da cikin daji, Allah Ya jiƙansu da rahama. Waɗanda suke raye Allah Ya saka musu da alheri. Masu komawa Kaduna da Funtuwa da Zariya a tashi da wuri, a ɗaura bel, a tafi sannu. Allah Ya kai kowa gidansa lafiya.