Murar Zomo: Ganye Abinci Ne, Ba Ya Kashe Ƙwayar Cuta

Wannan shi ne jawabin da wani malamin dabbobi daga Birnin Kebbi ya yi wa ɗaliban ajin manya a Argungu, game da kiwon zomo a gida.

Bayan sallama da gaisuwa, malamin ya ce gidaje da yawa suna da zomaye. Wasu na yara ne, suna kiwo don sha'awa. Wasu na mata ne, su sayar su yi hidimar gida. Zomanya tana haihuwa bayan kamar kwana 31 da ɗaukar ciki, shi ya sa kiwon yake saurin yaɗuwa. Amma ya ce cuta ma haka take saurin yaɗuwa a cikinsu, musamman mura.

Ya ce murar zomo ba irin tamu ba ce, wadda mutum zai kwana uku ya warke. Yawanci wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ido ba ya gani. Sunanta Pasteurella. An sa mata sunan wani masani ɗan ƙasar Faransa, Louis Pasteur. Zomo yana iya ɗauke da ita a hanci ya daɗe lafiya lau. Sai ranar da jikinsa ya yi rauni ta tashi.

Me ke raunana shi? Malamin ya ce na farko zarnin fitsari ne a kejin da ba a sharewa. Sai ƙurar hunturu, da hayaƙin murhu, da cunkoso. A nan ƙasar Kabi, inda ake noman shinkafa a fadamar Rima, mutane kan shimfiɗa wa zomo ƙaiƙayin shinkafa. In yana da ƙura, hancin zomo ne zai sha wuya. Ga kuma zafin bazara. Zomo ba ya jure zafi, kuma kowa ya san yadda Birnin Kebbi da Argungu suke a watan Afrilu.

Daga nan ya faɗi alamun cutar. Zomo zai riƙa atishawa. Majina za ta fito, da fari kamar ruwa, daga baya ta yi kauri ta yi fari. Ido zai yi hawaye. Ya ce a duba ƙafafunsa na gaba ta ciki: in gashin wurin ya manne, to da su yake share hanci. In cutar ta shiga kunne, kansa zai karkace gefe guda. In ta sauka huhu, sau da yawa mutuwa ce.

Ya ja hankalin ɗalibai a kan abu guda. Zomo ta hanci yake numfashi. Duk wanda ya ga zomonsa ya buɗe baki yana neman iska, to kada ya jira gobe. Haka kuma zomon da ya yini bai ci komai ba yana cikin haɗari, domin cikinsa ba ya son zama babu abinci.

A nan wata dattijuwa ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, jikana yana da zomaye shida. Ɗaya ta kama mura, na dafa mata darbejiya da tafarnuwa, ina ɗura mata. Yau kwana huɗu ke nan, ga wasu biyu sun fara atishawa. Ko in ƙara mata?"

Malamin ya ce, "Inna, a daina ɗurar nan tun yau." Ya ce dabbar da hancinta ya toshe, in aka ɗura mata ruwa da ƙarfi, yana iya wucewa huhu. Tafarnuwa da albasa kuwa, in sun yi yawa, suna lalata jinin zomo. Kuma zomo ba ya iya amai, abin da ya haɗiye ya zauna ke nan.

Sai ya ce shi bai zo ya raina ganye ba. Zogale abinci ne mai kyau ga zomo, yana gina jiki. Haka harawar gyaɗa da ta wake, da ganyen dankalin Hausa. Zomon da ya ƙoshi da irin waɗannan ya fi mayunwaci jure cuta. A ba shi zogale kaɗan kaɗan, a haɗa da ciyawa, kada a sauya masa abinci rana ɗaya. Amma in majina ta riga ta yi fari, ganye ba zai kashe ƙwayar ba. Haka garin da ake sayarwa a kwalba, wai na ƙara ƙarfin jiki. Kwanakin da mutum zai ɓata yana gwada su, cutar tana ƙara nutsewa ne, tana kuma kama sauran.

Ya ce akwai kuskuren da ya fi wannan muni. Shi ne a je kemis a sayo kafso na mutane, irin su amoxicillin ko ampicillin, a fasa a zuba wa zomo a ruwa. Waɗannan suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanjinsa. Sai zawo ya kama shi, ya mutu. Akwai maganin da ya dace da zomo, amma likitan dabbobi ne zai zaɓa, ya auna shi daidai da nauyinsa. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Birnin Kebbi, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da nata na koyarwa.

Ya ce wa dattijuwar ta koma gida ta ware ukun nan nesa da masu lafiya. Ta ba kowane kashi kwanon ruwansa. Ta fara ciyar da masu lafiya, sannan marasa lafiya, ta wanke hannu da sabulu. Ta share kejin, ta kai shi inuwa mai iska, nesa da madafi. Ta riƙa goge musu hanci da tsumma mai ɗumi. Sannan jikan ya kai su wurin likita da wuri. Ya kuma gaya mata gaskiya: ko an yi magani, wani zomon yakan ci gaba da ɗauke da ƙwayar, murar ta dawo. Irin wannan ba a barinsa ya haihu. Sabon zomo daga kasuwa kuma a ajiye shi shi kaɗai wata guda kafin a haɗa.

Kafin ya zauna, ya ambaci wata cuta dabam da aka tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a 2020. Ita tana kashe zomaye farat ɗaya, wani lokaci da jini a hanci. Ya ce wanda ya ga haka ya binne mushen da zurfi, kada ya sayar da sauran, ya je ya sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarsa.