Kwangilar gwamnati: a fifita ɗan gida, amma wane ɗan gida?

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan jaridarmu ya gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a birnin Maraɗi. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi.)



Alhazai da hajiyoyi, iyayena ƴan kasuwa, yayyena ma'aikatan gwamnati, ina gaishe ku, ina kuma godiya da kuka ba yaro dama ya yi magana gaban manya. Ni ɗan jarida ne, ban taɓa sayar da ko allura ba, ban taɓa sa hannu a takardar kwangila ba. Abin da zan faɗa na samo shi daga bakinku da kuma takardun doka. In na yi kure, ku gyara mini.

Tambayar da ta tara mu ita ce: idan gwamnati ta buɗe takarar kwangila, abin da muka saba kira marshe, ya dace ta fifita kamfanin gida a kan na waje? Amsata ita ce i, ya dace. Amma akwai sharaɗi, kuma a kan sharaɗin ne nake son mu daɗe.

Babu mai saye a Nijar da ya kai gwamnati. Ita ke sayen siminti da ƙarfe, teburan makaranta, kayan sarki na soja da na jandarma, maganin asibiti, hatsin da OPVN ke ajiyewa don shekarar yunwa. Kuɗin nan daga lanho da duwan suke fitowa, wato daga aljihunku, ko kuwa daga bashin da ƴaƴanmu za su biya. To dubi manyan ayyukan da muka gani. Gada ta biyu ta Yamai, wadda aka buɗe a 2011, da ta uku a 2021, kamfanonin ƙasar Sin suka gina su. Filin jirgin sama na Yamai kamfanin Turkiyya ya sabunta shi a 2019. Ba na zargin kowa, domin gadar Kennedy ma a 1970 ba hannunmu ya yi ta ba, kuma akwai aikin da har gobe ya fi ƙarfin ɗan kwangilarmu. Sai dai duk mai kishin ƙasa dole ya tambaya: bayan shekaru fiye da 60 da samun mulkin kai, yaushe namu za su koya, in ba a taɓa ba su ko gefen aikin ba?

Fifita ɗan gida kuwa ba baƙon abu ba ne a duniya. Amurka, uwar masu wa'azin kasuwa a buɗe, tun 1933 ta kafa dokar da ta umurci gwamnatinta ta fifita kayan ƙasarta. Maƙwabciyarmu Najeriya ta yi irin wannan doka a 2010 a fannin man fetur. Bankin Duniya kansa ya yarda, a ayyukan da yake ba da kuɗinsu, a ba kayan da aka ƙera a gida rangwamen kashi 15 cikin 100, a ba ɗan kwangilar gine-gine na ƙasa mai ƙaramin ƙarfi kashi 7.5. Ƙungiyar UEMOA kuma, a ƙa'idar kwangila da ta fitar a 2005, ta amince da fifiko wanda bai wuce kashi 15 cikin 100 ba. Amma ku lura da kyau: a idon wannan ƙa'ida, ɗan gida shi ne kamfanin kowace ƙasa daga cikin ƙasashe 8 na ƙungiyar. Kamfanin Abijan ko na Dakar daidai yake da na Damagaram ko na Tawa. Da yawa cikin masu kuka ba su san da wannan ba.

Yaya rangwamen yake aiki? Bari in kawo misali da lissafin da na ƙaga don bayani. A ce ma'aikatar ilimi tana neman tebur 1000 na ƴan makaranta. Kamfanin waje ya ce zai kawo kowane a jika 30, jimla miliyan 30. Mai walda na Maraɗi ya ce jika 33, jimla miliyan 33. Wajen auna farashi sai a ɗora kashi 15 a kan na baƙon, a takarda kawai, ya zama miliyan 34 da rabi. Ɗan gida ya ci ke nan, a biya shi miliyan 33 ɗinsa. Ma'ana, baitulmali ya yi asarar miliyan 3, kuɗin tebur 100 ke nan, kuma yaran da za su zauna a kansu sun ci gaba da zaman tabarma. Kada mu ɓoye wa kanmu wannan. Fifiko ba kyauta ba ne, talaka ke biyan sa.

To me talaka zai samu a madadin miliyan 3 ɗin nan? Idan a Maraɗi aka yanka ƙarfen, aka yi waldar, aka fere katakon, ladan aikin zai shiga gidajen masu walda da kafintoci da almajiransu, mai tuwo da mai amalanke su samu, fatanti da lanho su koma baitulmali, kuma ranar da ƙafar tebur ta karye mai gyara yana nan bayan katanga. Wannan riba ta fi miliyan 3. Amma idan wanda ya ci kwangilar ba ya da shago, ba ya da ma'aikaci ko ɗaya, abin da ya mallaka shi ne jaka da hatimi da ɗan uwa a biro, sai ya yi odar teburan daga Dubai ko ƙasar Sin, su sauka a tashar jirgin ruwa, ya manna sunansa a kai, to miliyan 3 ɗin talaka sun zama toshiyar mutum ɗaya. Baƙo ya yi aikin, ɗan gida ya ci ribar, ƙasa ta tashi a tutar babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nan ne sharaɗin yake. Abin da ya kamata a fifita shi ne aikin da aka yi a gida, ba takardar shaidar ɗan ƙasa ta mai kwangila ba, balle katin jam'iyyarsa.

Alhazai, ku yi mini haƙuri, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Manyan badaƙalolin kwangila da suka girgiza ƙasar nan, da hannun ƴan gida aka yi su. Ku tuna da batun MEBA a 2006, kuɗin ilimin ƴaƴan talakawa, inda aka tsare tsoffin ministoci biyu, har abin ya kai ga majalisar dokoki ta kada gwamnatin Hama Amadu a watan Mayu na 2007. Ku tuna da binciken ma'aikatar tsaro da ya fito fili a 2020, wanda rahotonsa ya yi zancen miliyar 76 na sefa tsakanin farashin da aka kumbura da kayan da aka biya ba a kawo ba, a lokacin da sojojinmu ke faɗuwa a Inates da Shinagodar. Tun bayan Taron Ƙasa na 1991 muke ganin kowace gwamnati ta zo da ƴan kasuwarta: ka zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓe, a biya ka da kwangilar hannu da hannu wadda babu takara a cikinta. Idan aka ɗora fifiko a kan wannan ɗabi'a, mun ba ɓarawo ajiyar maɓalli.

Ina roƙon magabata abubuwa huɗu.

Na farko, a auna fifiko da abin da aka sarrafa a ƙasa. Kwamitin tantancewa ya taka da ƙafarsa ya ga shago, ya ƙirga injuna, ya duba ko ma'aikata suna da rajista a CNSS, ya ga shaidar biyan lanho. Wanda ke gini da simintin Malbaza ya fi cancantar rangwame a kan wanda ya shigo da nasa daga waje, ko da dukkansu ƴan uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Na biyu, a rarraba manyan ayyuka gida-gida. Kwangilar aji 300 a dunƙule babu magini a Tawa da zai iya ajiye kuɗin jinginarta a banki, amma aji 10 zai iya. Mun taɓa gwada haka: a farkon shekarun 1990 hukumar NIGETIP ta riƙa yanka ayyuka ƙanana tana ba ƙananan ƴan kwangila masu ɗaukar leburori da yawa. Inda kuwa aikin ya fi ƙarfinmu, a wajabta wa baƙo ya yanka wa kamfanonin gida wani kaso na aikin, a rubuta shi cikin yarjejeniya, a kuma bi sawu a gani.

Na uku, kuma shi ya fi damun wanda ke aiki tsakani da Allah: a biya kan lokaci. Na san wani mai walda, ba zan faɗi sunansa ko na ma'aikatar ba, da ya kai kayan da aka yi masa oda, ya yi wata 14 yana jelen biro-biro da takardunsa. Kafin kuɗin su fito ya sayar da filinsa ya biya mai ƙarfe, ya sallami yara 6 daga shago. Babban kamfanin waje yana da bankin da zai riƙe shi shekara guda. Namu ba ya da kowa, tun da BDRN ta rufe a 1990 ƙaramin mai sana'a yake kukan maraici. Rangwamen kashi 15 ba ya tsinana komai ga wanda bashi ya riga ya cinye. Ku ma'aikata, ku da kuka ɗanɗani zaman watanni babu albashi a shekarun 1990, kun fi kowa sanin zafin jiran haƙƙi. Kada takardar bawan Allah ta kwana a teburinku don bai ga ido ba.

Na huɗu, a yi komai a bainar jama'a. A buga sunan duk wanda ya ci kwangila, da farashinsa, da sunan ainihin mai kamfanin, a karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, ba da Faransanci kaɗai ba. Wanda ya karɓi kuɗi ya gudu ya bar gini ba rufi, a hana shi takara, ko ɗan wane ne. Fifikon kuma a yi masa wa'adi, domin yaron da ake goyo har ya yi gemu ba zai koyi tafiya ba.

Iyayena, wannan gari ya san daɗin masana'anta, ya kuma san ɗacin rashinta. A nan SICONIGER ta tatsi man gyaɗa, a nan SONITAN ta jeme fata. Fari da mutuwar noman gyaɗa da kwararar kayan waje suka durƙusar da su, dukiyar Maraɗi ta koma saye da sayarwa da fiton kaya zuwa Najeriya. Fatauci sana'a ce mai daraja, da ita aka gina garin nan. Amma in kuna son gwamnati ta fifita ku, ku ba ta abin da za ta fifita: ku haɗa jari ku kafa shaguna da ƙananan masana'antu, ku yi rajista, ku riƙe littafin lissafi, ku ɗauki matasan da suka fito makarantun koyon sana'a suna zaman kashe wando. Ranar da kuka yi haka, mu ƴan jarida za mu tsaya tare da ku a nemi haƙƙinku. Ranar da kuma ɗayanku ya ci kwangila ya ha'inci talaka, za mu buga, kuma ina fata ba za ku ce mun ci mutuncin ɗan gida ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya ba magabatanmu ikon yin adalci, ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu damina mai kyau.