Ma'aunin Zane a Littattafan Yara: Darasi Daga Matan Fada



Hausawa na cewa gani ya kori ji. Yaro yakan karanta hoto tun kafin ya san baƙi da wasali, saboda haka mai zane shi ne malaminsa na farko a cikin littafi. Manufar wannan lacca ita ce duba ma'aunin da ya kamata alƙalan gasa su riƙe yayin da za su ce wannan zane ya cancanci lambar yabo, wancan bai cancanta ba.

Gasar rubutu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Gasar 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, amma labari aka auna a cikinta, ba zane ba. A Amurka kuwa, tun 1938 ake ba da lambar Caldecott ga mai zane shi kaɗai. A 1977 Leo da Diane Dillon suka ci ta da littafin Ashanti to Zulu, wanda a cikinsa har da shafin Hausawa. Wato an yi wa surar Bahaushe hukunci a wata nahiya, alhali a gida an fi mayar da hankali ga marubuci.

To, a ɗauka an kawo wa alƙalai a Birnin Kebbi littafin yara a kan bikin kamun kifi na Argungu. Abubuwa uku ya wajaba su auna.

Na farko shi ne ko zanen na ɗauke da labari. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a rufe rubutun, a miƙa wa yaro ɗan shekara biyar littafin. Idan ya iya bin masunta daga tsayuwarsu a gaɓar Matan Fada, zuwa rugawarsu cikin ruwa, har zuwa fitowa da giwan ruwa, zane ya yi aikinsa. In kuwa sai an yi masa bayanin kowane shafi, to ado ne kurum.

Na biyu shi ne gaskiya, kuma nan ne alƙalin da bai san wuri ba yake tuntuɓe. Masuncin Argungu da homa da gora yake shiga ruwa. Gorar ita ke ɗauke da shi a kan ruwa, a cikinta kuma yake zuba abin da ya kama. Mai zanen da ya zaunar da shi a gaɓa riƙe da sandar fatsa ya kwaikwayi littattafan Turai ne, bai leƙa kogin ba. Haka nan bikin a cikin rani ake yin sa, wajen Fabrairu ko Maris, don haka zana kurmi mai duhu a bayan masunta ƙarya ce, komai kyan launinta. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin biki ne da ya samo siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Yaron Kabi da ya ga an jirkita abin da ya sani zai daina yarda da littafi. Yaron Kano kuwa zai haddace kuskuren a matsayin ilmi.

Na uku shi ne daidaito da ingancin bugu. Kada fuskar tauraron labari ta sauya daga shafi zuwa shafi, kada kuma zane ya hau kan rubutu. Littafin da ya fito daga maɗaba'a shi za a auna, ba ainihin zanen da ke hannun mai shi ba, domin littafin ne ke isa ga yaro.

A ƙarshe, wajibi ne kwamitin alƙalai ya ƙunshi mai zane, da malamin firamare, da wanda ya san al'adar wurin, ko da kuwa daga cikin masunta ne. Kuma a buga sunan mai zane a bango daidai da na marubuci, domin ba a yabon wanda ba a san sunansa ba.

Allah Ya sa a dace.