Gujiya abinci ce, amma ruɓaɓɓiya guba ce: jawabin taron ƙungiya

  

Maganarmu ta yau a kan gujiya ce, wadda ƴan Najeriya ke ce ma gyaɗa, da dabino, da sauran busassun ƴaƴan itace.

Gujiya abinci ce mai ƙarfi. Kusan rabinta mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma abin gina jiki ne, irin wanda ake samu a nama da wake. Gidan da ba ya iya sayen nama, ƙuli-ƙuli da tunkuza cikin miya ko kunun yara suna toshe babbar kafa. Ku tuna yunwar 2005. A likitocin Maradi, abin da ya tada dubban yara masu tamowa shi ne wannan ɗan ƙunshi mai suna Plumpy'Nut. Me ke ciki? Gujiya niƙaƙƙiya, madarar gari, mai, sukari da bitamin.

Dabinon Ingal da na Kawar yana maido da ƙarfi nan da nan, don haka ya dace da buɗa baki. Sai dai kusan kashi biyu cikin uku nasa sukari ne. Mai ciwon sukari ya taƙaita, ya nemi shawarar likita. Yara kuma su wanke baki bayan sun ci, domin yana manne wa haƙori. Aya da goruba da magariya suna da harza mai sauƙaƙa bayan gida. Garin kuka yana da bitamin C mai yawa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Idan gujiya ta sha danshi, a gona ko a rumbu, fumfuna na kama ta. Wannan fumfuna tana zubo wata guba da ake kira afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila don sun ci tunkuzar da aka kawo daga Barazil. A 2004, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu saboda masarar da ta kama wannan guba.

Mu abin da ya fi ba mu tsoro shi ne cin ta kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Hanta take ci a ɓoye, har ta kai ga sankara. Haɗarin ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta na hepatit B, wanda ya yawaita a ƙasashenmu. Wani bincike da aka yi a Benin da Togo, aka buga a 2002, ya nuna yaran da gubar ta fi yawa cikin jininsu su ne suka fi tsumburewa. Suya ba ta kashe ta. Dafuwa ma haka.

Mu dubi al'adarmu. Idan aka ɓare gujiya, mai kyau ake aunawa a tiya a kai kasuwa. Ƙanana, masu yamushi, masu baƙin ciki da ɗaci, su ake bari a gida, a yi ƙuli-ƙuli, ko a ba yara su tauna. Wato baƙo ya ci lafiyayya, ɗanmu ya ci mai ciwo. Wannan ciniki ba riba cikinsa.

Ga abin da muke roƙo:

1. A cire gujiya da zarar ta nuna, kada a bar ta cikin ƙasa.

2. A shanya ta bisa tabarma, ba a ƙasa ba, har sai ta yi ƙara in an girgiza.

3. A aza buhu bisa itace, nesa da bango. A gyara rumbun da ke yoyo kafin damina.

4. A tsince ɓatattu da hannu, a ƙone ko a binne. Kada a ba bisashe, don gubar na fitowa cikin nono.

5. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gujiya ko aya ya tauna, tana iya shaƙe shi. A niƙa masa cikin kunu.

6. A tsaga dabino a duba cikinsa kafin a ci.

7. A kai jarirai allurar rigakafi, domin ta hepatit B na cikinta.

Ku ƴan uwa mazauna birni, in kun aiko a saya muku gujiya ko ƙuli-ƙuli, kada ku matsa sai mai araha. In da hali, ku taimaka da tabarmi da sababbin buhuna. Dattijai kuma, maganarku ake ji a gida: ku ce wa mata da matasa, abin da ba za mu sayar wa baƙo ba, kada mu ba ɗanmu.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana zuriya. Wassalamu alaikum.